Jamus Ta Tuna da Fatakenta, Ina Namu?

Cikin 2006 Gwamnatin Jamus ta buga kuɗin azurfa na Yuro 10, irin wanda a ke saye don ajiya, domin tunawa da Hansa, wato ƙungiyar biranen fatake wadda ta yi babban taronta a Lubek cikin 1356.

To, mu ma mun yi fatake. Agalawa da Tokarawa na ƙasar Katsina da Kano kan haɗa ayari bayan madugu, su kai kanwa da tufafi Gwanja, su komo da goro. Amma kwabban da a ka buga mana cikin 1973, auduga da gyaɗa mu ka gani a kansu, ba jaki, ba madugu.

Malaman Rawayau da Kurfi, ku tambayi tsofaffi sunayen zangunan da su ka ji wurin kakanninsu, ku rubuta tun suna raye.