Littattafan Soyayya Da Fim: Abin Da Ke Zubewa A Hanya

ABUJA: Duk mutumin Arewa da ya zauna a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, cikin shekarun 1990, ya san kaya iri biyu da 'yan kasuwa kan kawo daga Kano don masu kewar gida, watau ƙananan littattafan soyayya da kaset-kaset na bidiyo. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, shi ne kayan nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ko da yake zaman nasu bai yi daɗi ba.

Littafi ne wa. A shekarar 1980 Kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin wata yarinya Bafillatana da ta kafe a kan wanda take so. Daga nan samari da 'yan mata suka shiga rubuta nasu suna bugawa da kuɗin aljihunsu, har aka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano. Fim ɗin bidiyo kuwa sai a 1990 ya zo, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. To, da yake masu fim na neman labari, ga kuwa labarai jibge a kasuwa waɗanda jama'a sun riga sun san su, sai aka ga ai tuwo ne ya samu miya.

Babban misali shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, aka mai da shi fim a 1994, marubucin da kansa ya fito a matsayin saurayin. Labarin Sumayya ne, 'yar masu hali, wadda ta kamu da son Muhammad, ɗan talakawa, ga kuma wani attajiri Abdulƙadir da manya suka fi so. Da aka matsa mata, sai ta faɗa rijiya. Wannan rijiya ta jawo surutu ba kaɗan ba, iyaye da malamai suna cewa ana koya wa 'ya'ya mata bijirewa, 'yan mata kuwa suna ganin an faɗi abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya game da auren dole.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Mai karatu, kafin ya iso bakin rijiyar nan, ya riga ya yi shafuffuka yana zaune cikin zuciyar yarinyar, ya ji saƙe-saƙenta, ya kwana da ita ba barci. Ƙarfin irin waɗannan littattafai ke nan: zancen zuci da wasiƙa, abubuwan da budurwa mai kunya ba za ta iya furtawa gaban kowa ba. Na'urar ɗaukar hoto kuwa ba ta shiga zuci. Iyakarta ta nuna yarinya ta yi tagumi a bakin gado, ko tana riƙe da takarda tana hawaye. Wanda ya karanta ya san abin da ke ranta, wanda bai karanta ba sai ya ga kamar taurin kai ne kawai. Sa'an nan kowane mai karatu ya riga ya ƙera tasa Sumayya a ransa, duk wadda aka kawo a majigi da wuya ta kamo ƙafarta.

Masu fim sun nemi cike wannan giɓi da waƙa, kamar yadda suka gani a finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a gidajen silima na Kano. Abin da baki ba zai faɗa ba, sai a rera shi. Dabarar ta ci, har ma ta wuce gona da iri. Ana cikin ɗaukar littattafai, irin su Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, sai Sangaya ya fito a 1999, waƙarsa ta game gari. Daga nan 'yan kasuwa suka gane waƙa ke sayar da kaset, ba labari ba, da yawansu kuma suka koma kwaikwayon labaran Indiya kai tsaye, ba sai sun nemi wani marubuci sun biya shi ba. Ƙane ya kori wa daga ɗaki.

Akwai kuma maganar hukuma. Ban da hukumar tace finafinai ta ƙasa mai hedkwata a Abuja, Jihar Kano ta kafa tata a 2001, aka kuma tsananta a kan taɓa juna tsakanin mace da namiji. Abin da alƙalami kan wuce da shi cikin layi biyu, a hoto sai ya zama abin tuhuma. Su ma littattafan ba su tsira ba, don a 2007 an ƙona wasu a Kano a gaban jama'a.

Abin da ya ɗan sasanta su shi ne zuwan fim mai dogon zango, bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, da kuma YouTube. Littafin soyayya dama kashi-kashi yake fitowa, na ɗaya ya tsaya inda rai zai tashi don a sayi na biyu, haka nan shirin mako-mako yake. Marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sun shiga rubuta wa talabijin labari, suka samu filin da fim na sa'a biyu ya hana.

Duk da haka, zancen zuci bai koma hoto ba. Shi ya sa har yau ana karanta littattafan nan da murya a rediyo da YouTube, direba a Apapa ko mai gadi a Fatakwal ya sa waya a kunne, ya saurari labarin ɗungurungum, da wasiƙunsa da saƙe-saƙensa.