Yadda ƙwaƙwalwa ke gane tambaya a harshe mai karin sauti

A Birnin Kudu da Gwaram, idan wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ya yi zuru bayan an tambaye shi, 'yan uwa sukan ce iska ta taɓa shi ko hankalinsa ya gushe, alhali sau da yawa hankalin yana nan, hanyar da tambaya ke bi a ƙwaƙwalwa ce ta sami tangarɗa. Binciken da aka yi a kan wannan hanya a Mandarin, babban harshen ƙasar Sin, ya shafi Bahaushe kai tsaye, domin harsunan biyu suna da karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa, wanda shi ke raba kukan yaro da kukar miya.

Murya ɗaya ce ke ɗauke da kaya biyu, domin da ita ake bambanta kalmomi, da ita kuma ake mayar da “Audu ya tafi” tambaya ba tare da an ƙara kalma ba. Jackson Gandour na Jami'ar Purdue a Amurka ya nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa masu jin Mandarin sun fi jingina da ɓangaren hagu wajen karin kalma, yayin da ɓangaren dama ke da babban rabo a rausayar jimla. A 2016 masu bincike a Jami'ar Leiden suka auna lantarkin ƙwaƙwalwa, suka ga tana saurin rarrabe tambaya da zance idan jimla ta ƙare da kari mai faɗuwa, amma idan ta ƙare da mai hawa sai alamar ta dushe, tunda karin kalmar ya riga ya yi kama da na tambaya.

Ke nan mai jinya da ke tambaya da murya kawai yana iya ɗora wa majinyaci nauyin da “shin” ko “ko” za su sauke masa. Abin takaici shi ne mafi yawan gwaje-gwajen magana an tsara su ne a kan Turanci, kuma hukumomin lafiya ba su nuna gaggawar samar da na Hausa ba. Su ma dangi sukan ɓata sa'o'in farko wajen turare da tofi, maimakon garzayawa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.