Rashin haihuwa: a auna maigida ma

A Matamai, in aure ya shekara ukku babu goyo, matar ake kira juya. Maigida ya ƙaro ta biyu, ita ma shiru. Wani lokaci ta fari da ya saka sai ta haihu a gidan wani.

A 2023, ƙungiyar OMS ta ce mutum 1 cikin 6 yakan gamu da wannan damuwa. Kusan rabin lamarin kuwa da hannun namiji: ciwon sanyi da aka yi wa sakaci, hangum bayan balaga, ko tsargiyar tabki. Awon maniyyi ba ya da zahi. Kunya ce ke tsare maza zuwa babban asibitin Damagaram. Wanda aka ba magani, ya yi haƙurin wata 3 kahin a sake aunawa, don sabon iri ba ya ƙosawa kahin nan.