Tutar Ɗan Tunku

In ka tashi daga Kano ka bi hanyar Daura, za ka ratsa ƙasa mai yawan jama'a. Gona na bin gona, ga gero, ga dawa, ga gyaɗa, ba ka rabuwa da ganin rufin ɗaki ko rumbu. Can gaba sai ka isa Dambatta, gaba kaɗan kuma Kazaure. Garuruwan nan biyu maƙwabta ne, amma ba sarki ɗaya suke bi ba. Asalin wannan kuwa wata tuta ce.

A shekarar 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara jihadi. Duk shugaban da ya amince da shi, sai ya ba shi tuta. Kada ku ɗauka ado ce. Ƙyalle ne kawai a bisa sanda, amma wanda ya riƙe ta, kowa ya san da izinin Shehu yake yaƙi.

A arewacin Kano akwai wani Bafillace mai ƙarfi, ana ce masa Ɗan Tunku, mazauninsa Dambatta. Ya taimaki jama'ar Shehu ƙwarai, shi ma aka ba shi tuta.

Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu a 1819, aka naɗa Ibrahim Dabo. Sai Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a. A ganinsa, mai tuta ba ya bin mai tuta, Sakkwato kaɗai zai bi. Dabo kuwa yana ganin ƙasar nan ta Kano ce tun fil azal. Ko wannensu yana da hujja, amma talakawa ne suka sha wuyar gardamar, gama an yi shekaru ana yaƙi a kan gonakinsu.

Daga ƙarshe Ɗan Tunku ya bar Dambatta, ya kafu a Kazaure. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba rigimar, ya tabbatar wa Kazaure sarautar kanta. Ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824. Dambatta ta zauna a hannun Kano, ta zama garin Sarkin Bai.

A zamanin Turawa an haɗa su cikin Lardin Kano, amma Kazaure tana da En'e tata dabam. A 1967 duka suka shiga Jihar Kano. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sai Kazaure ta koma can, Dambatta ta tsaya a Kano.