Skotland: Wa Ke Biyan Kuɗin Neman 'Yanci?

 Yau za mu nufi arewacin tsibirin Birtaniya, wato Skotland, inda aka daɗe ana ja-in-ja kan ko a ci gaba da zama inuwa ɗaya da Ingila ko a raba gari. Mu dai ta wajen aljihu za mu ɓullo wa maganar: wa ke ba 'yan siyasar can kuɗi, kuma wa ke da ikon cewa a karɓa ko kada a karɓa?

A watan Yulin 2011, wasu ma'aurata mazauna Largs, wani ƙaramin gari a bakin teku a yammacin Skotland, suka ci cacar EuroMillions. Sunansu Colin da Chris Weir. Abin da ya faɗo hannunsu fam miliyan 161 ne. Shi tsohon mai ɗaukar hoto ne a gidan talabijin, ita kuwa tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Ba a daɗe ba suka miƙa wa SNP, jam'iyyar masu neman ɓallewa, fam miliyan 1. Da yaƙin neman ƙuri'ar raba gardama ta 2014 kan ɓallewa ya kankama, suka zuba fam miliyan 3.5 a asusun Yes Scotland, ƙungiyar da ke jagorantar masu cewa a ɓalle, kuma kuɗin nasu shi ne mafi yawan manyan gudummawar da ƙungiyar ta samu. A ɗaya ɓangaren, J.K. Rowling, marubuciyar littattafan Harry Potter da ke zaune a Edinburgh, ta ba ƙungiyar Better Together ta masu son a zauna tare fam miliyan 1. Ian Taylor, shugaban kamfanin cinikin man fetur na Vitol a lokacin, ya ƙara musu fam 500,000.

To, kun ji. Tarayyar da ta haura shekara 300, ana shirin yanke mata hukunci, amma ƙarfin wani ɓangare ya dogara ne da lambobin da suka fito a daren caca. Kafin mu ga yadda aka yi haka, bari mu ɗan waiwaya.

Skotland ƙasa ce mai sarkinta da majalisarta tun da can. A 1603 sarkinta James ya gaji gadon sarautar Ingila, ya haɗa rawani biyu. A 1707 majalisun biyu suka amince da haɗewa, aka rufe ta Edinburgh, komai ya koma Landan. Sai dai Skotland ta riƙe kotunanta da tsarin shari'arta da makarantunta da cocinta, shi ya sa har gobe ɗan Skotland zai gyara maka zance in ka kira shi ɗan Ingila. Yawansu wajen miliyan 5 da rabi ne, wato ko kusa ba su kai mutanen jihar Kano ba.

An kafa SNP a 1934, amma ta daɗe ba wanda ke ɗaukar ta da muhimmanci. Nasarar Winnie Ewing a zaɓen cike gurbi na Hamilton a 1967 ce ta fara tada hankalin Landan, sai kuma man fetur da aka haƙo a Tekun Arewa ya ba jam'iyyar abin faɗa a shekarun 1970: man nan na Skotland ne, don me Landan ke cin moriyarsa? A 1979 aka tambayi jama'a ko suna son majalisar yanki. Masu so sun fi yawa da kaɗan, kusan kashi 52 cikin 100, amma an riga an gindaya sharaɗin cewa sai kashi 40 na duk masu rajista sun amince, ba a kuma kai ba. Maganar ta kwanta har 1997, lokacin da gwamnatin Tony Blair ta sake tambaya, kashi 74 suka ce suna so. A 1999 majalisar ta fara zama da wakilai 129, Donald Dewar na jam'iyyar Leba ya zama shugaban gwamnatin yankin na farko.

Me aka sakar musu? Lafiya, ilimi, 'yan sanda, kotuna, noma, gidaje. Da wannan iko ne Skotland ta ɗauke wa ɗalibanta kuɗin karatun jami'a, ta kuma daina karɓar kuɗin maganin da likita ya rubuta tun 2011, alhali a Ingila ana biyan duka biyun. Tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da shige da fice da takardar kuɗi kuwa suna hannun Landan. Babban kason kuɗin da gwamnatin yankin ke kashewa ma daga baitulmalin Birtaniya yake zuwa, bisa wani lissafi da ake kira da sunan Joel Barnett, ministan da ya tsara shi a ƙarshen shekarun 1970. Abin ya yi kama da ɗan da aka ware wa sashensa a gidan gandu: yana da ƙofarsa da tukunyarsa, amma makullin rumbu na wajen maigida.

A cikin jerin abubuwan da dokar 1998, wadda ta kafa majalisar yankin, ta bar wa Landan akwai wani layi da ba a cika kula da shi ba: rajistar jam'iyyu da yadda ake ba su kuɗi. Wato jam'iyyar da ke mulki a Edinburgh, ko da burinta shi ne ta fice daga Birtaniya, da ƙa'idar Landan take neman kuɗin ficewar.

Ita wannan ƙa'ida abin kunya ne ya haife ta. A 1997 aka gano cewa Bernie Ecclestone, uban gidan tseren motoci na Formula One, ya ba jam'iyyar Leba fam miliyan 1, sannan gwamnatin Blair ta nemi keɓe tseren daga haramcin tallar taba. Aka mayar masa da kuɗinsa. A shekarar 2000 aka yi doka da ta kafa hukumar zaɓe mai sa ido kan asusun jam'iyyu. Dokar, kamar yadda aka gyara ta daga baya, ta ce duk gudummawar da ta haura fam 500 sai ta fito daga wanda ke cikin rajistar masu zaɓe a Birtaniya, ko kamfanin da ke da rajista kuma yake harka a ƙasar, ko ƙungiyar ƙwadago da makamantansu. In kuɗin ya yi yawa, dole a bayyana sunan mai bayarwa kowa ya gani. Abin da dokar ba ta yi ba shi ne sa iyaka. Mai fam 600 da mai fam miliyan 6 duk ƙofa ɗaya suke bi.

Cikin waɗanda dokar ta fara taka wa birki har da Sean Connery, jarumin finafinan James Bond, haifaffen Edinburgh, wanda ya daɗe yana tallafa wa SNP. Da yake a tsibiran Bahamas yake zaune, sai kuɗinsa ya zama na waje. Leba ma ba ta tsira ba. Wendy Alexander, shugabar jam'iyyar a majalisar Skotland, ta shiga tsaka mai wuya kan fam 950 kacal da wani ɗan kasuwa ya ba kwamitin yaƙin neman zaɓenta daga Jersey, tsibirin da ke ƙarƙashin sarautar Ingila amma ba ya cikin inda dokar ta yarda a karɓo kuɗi. Rikicin gudummawar bai lafa ba sai da ta ajiye muƙaminta a Yunin 2008. A ganina nan ne gurguntar dokar take: tana da ido kan inda kuɗi ya fito, amma ta kau da kai daga girmansa.

Kowace jam'iyya da majinginarta. Leba na da ƙungiyoyin ƙwadago. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau na da attajirai da 'yan kasuwar Landan. SNP ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun nan yadda ya kamata, shi ya sa tarihin asusunta ke cike da kyautar ba-zata. Brian Souter, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin bas-bas na Stagecoach, ya ba ta fam 500,000 gab da zaɓen 2007, zaɓen da ta ci da ratar kujera ɗaya tak, 47 da 46, Alex Salmond ya hau mulki. Edwin Morgan, fitaccen marubucin waƙoƙi da ya rasu a 2010, ya bar mata wasiyyar fiye da fam 900,000. A 2011 ta samu kujeru 69, rinjayen da aka tsara tsarin zaɓen don ya yi wuyar samu. Daga nan Firaminista David Cameron ya ga ba makawa, ya sa hannu tare da Salmond a Edinburgh cikin Oktoban 2012 kan a je ga jama'a.

Ranar 18 ga Satumban 2014 aka yi ƙuri'ar. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu rajista suka fito, har da 'yan shekara 16 da 17 da aka ba dama a karon farko. Muhawarar ma kusan duk ta kuɗi ce. George Osborne, ministan kuɗi, ya je Edinburgh ya ce in Skotland ta fita, to ta bar fam a inda ta same shi. Masu neman ɓallewa suka dogara da mai, wanda a lokacin gangarsa ta haura dala 100, ba wanda ya san kafin shekara biyu za ta faɗo ƙasa da dala 30. Da wani binciken jin ra'ayi ya nuna masu ɓallewa sun sha gaba ana saura kwana goma sha, shugabannin manyan jam'iyyun Landan uku suka yi alkawarin ƙara wa Skotland iko. Aka ƙirga: kashi 55 sun ce a zauna, 45 sun ce a tafi. Glasgow da Dundee na cikin masu son tafiya. Alkawarin ya zama doka a 2016, Edinburgh ta samu ikon yanke yawan harajin albashi.

Abin mamaki, faɗuwar ce ta cika wa SNP asusu. Kafin ƙuri'ar mambobinta wajen 25,000 ne, cikin 'yan watanni suka haura 100,000, kowa na biyan ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata. A zaɓen Birtaniya na 2015 ta kwashe kujeru 56 daga cikin 59 na Skotland. A karon farko jam'iyyar ta tsaya da ƙafar talakawanta. Da Birtaniya ta zaɓi fita daga Tarayyar Turai a 2016, alhali kashi 62 na 'yan Skotland sun ce a zauna, Nicola Sturgeon, wadda ta gaji Salmond, ta ce lokaci ya yi da za a sake tambayar jama'a. Daga 2017 jam'iyyar ta buɗe asusun neman taimako a intanet don yaƙin ƙuri'a ta biyu. Aka tara fiye da fam 600,000.

Ƙuri'ar ba ta zo ba. Da aka fitar da lissafin ƙarshen 2019, sai aka ga abin da ke banki bai kai fam 100,000 ba. Magoya baya, ba 'yan adawa ba, su suka fara tambaya: ina kuɗinmu? Jam'iyya ta ce kuɗin na nan cikin lissafinta, za a fito da shi ranar buƙata. Wasu ba su gamsu ba, suka kai ƙara, 'yan sanda suka buɗe bincike a Yulin 2021. Ana cikin haka Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci ranar 23 ga Nuwamban 2022 cewa majalisar Edinburgh ba ta da hurumin shirya ƙuri'ar ɓallewa sai da yardar Landan.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a jere. Sturgeon ta sanar da murabus a Fabrairun 2023. A Maris, mijinta Peter Murrell, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana babban jami'in gudanarwar jam'iyyar, ya sauka bayan an gano an ɓoye wa 'yan jarida cewa mambobi sun ragu zuwa kusan 72,000. Humza Yousaf, Musulmi ɗan asalin Pakistan ta wajen mahaifinsa, ya karɓi mulki. Bai cika mako biyu ba, ranar 5 ga Afrilu, mutanen Skotland suka wayi gari da hoton tanti mai launin shuɗi da 'yan sanda suka kafa a ƙofar gidan Sturgeon da Murrell, jami'ai na shiga da fita, wasu kuma na binciken hedikwatar jam'iyyar a Edinburgh. A Dunfermline ma 'yan sanda suka janye wata katafariyar motar yawon shaƙatawa mai ɗaki a ciki. An kama Sturgeon a watan Yuni aka yi mata tambayoyi aka sake ta, a Maris 2025 kuma aka tabbatar ba a tuhumarta da komai. Shi Murrell an tuhume shi da yin sama da faɗi da kuɗin jam'iyya a Afrilun 2024, ya gurfana gaban kotu a Maris 2025.  Amma wanda ya cire fam 10 daga ɗan fanshonsa ya aika, shi bai jira alƙali ba kafin ya ɗaure bakin jakarsa.

Saura hanya ɗaya da ba mu ambata ba. Tun 1975 majalisar Landan ke ba jam'iyyun adawa kuɗin gudanar da aikinsu na majalisa, ana kiransa da sunan Edward Short, ministan da ya kawo tsarin. Ana lissafa shi ne da yawan kujeru da ƙuri'un da jam'iyya ta samu. Ba na yaƙin neman zaɓe ba ne, na ɗaukar ma'aikata da masu bincike ne, amma shi ke riƙe ofis. A shekarun da SNP ke da 'yan majalisa masu yawa a Landan, tana karɓar fiye da fam miliyan 1 duk shekara daga majalisar da take neman bari. A Yulin 2024, wata biyu bayan John Swinney ya gaji Yousaf, aka yi zaɓen Birtaniya. SNP, wadda ta ci kujeru 48 a 2019, ta dawo da 9. Leba ta kwashe 37. Kowace kujerar da ta suɓuce ta tafi da kasonta na kuɗin Short, da ma'aikatan ofishinta, da abin da mai ita ke cirewa daga albashinsa ya ba jam'iyya.