Yadda Motar Tasha Ta Kayar da Injin Ferrari

Ƙulin ƙulifita! Wace mota ce ta shafe shekaru tana lodin fasinja da buhunan busasshen kifi tsakanin Nguru da Gashuwa, amma ta taɓa shiga tsere da motar da ke ɗauke da injin Ferrari har ta bar ta a baya?

Tsofaffin direbobin tasha sun riga sun ɗaga hannu: Fijo 504. Sun canka. A shekarar 1975, a gasar Safari ta ƙasar Kenya, Ove Andersson ɗan Suwidin ya zo na ɗaya a cikin 504. Na biyu da na uku kuwa, Sandro Munari da Björn Waldegård, kowannensu Lancia Stratos yake tuƙawa, motar Italiya mai kujera biyu da injin Ferrari, da aka ƙera musamman don tsere, wadda ta riƙe kambun duniya daga 1974 zuwa 1976. Sunan motar ya fito ke nan. Saura babbar tambaya: da me ta ci?

Wanda za a fara tuhuma shi ne inji. Mu buɗe bonet. Silinda huɗu ne, lita biyu ba kaɗan, kuma a motar kasuwa ƙarfinsa yana wajen doki ɗari ko ƙasa da haka. An ƙara wa ta tseren ƙarfi, haka ne, amma ko kusa ba ta kamo silinda shidan Stratos ba. A miƙaƙƙiyar kwalta, ƙura kawai Fijo za ta sha. Inji ya kuɓuta.

To, ko direba ne? Andersson gwani ne, amma Munari ba kanwar lasa ba ne. Kuma a wannan shekarar dai Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko da 504. Direba ya canza, ƙasa ta canza, mota ba ta canza ba.

Wani zai ce ai arhar kayan gyara ce, tun da a 1975 aka buɗe kamfanin haɗa Fijo a Kaduna, kuma kowane bakanike ya haddace ta. Wannan ya bayyana tsawon ranta a hanyar Nguru zuwa Gashuwa. Bai bayyana yadda ta riga kowa isa ba.

Mun duba gaba. Mun duba sitiyari. Saura wuri ɗaya.

A sunkuya.

Asirin yana ƙarƙashi. Sifirin ɗinta dogaye ne, taya tana da filin hawa da sauka kafin bugun rami ya iso jikin mota, kuma kamfanin Peugeot da kansa yake ƙera shokozobarta don ta dace da su. A salun, kowace tayar baya cin gashin kanta take yi: ta dama ta faɗa rami, ta hagu na nan manne da ƙasa tana tura mota. Sai babban abin da idon fasinja bai taɓa gani ba. Farfelar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin baya ba a waje take ba, an sa ta cikin wani kakkauran bututun ƙarfe wanda ya ɗaure gaba da baya. Dutse ba ya samunta, yashi ba ya cinta, kuma duk jijjigar hanya ba ta gocewa daga saiti. Kamar raƙumi take, ba ta fi doki gudu ba, amma ba ta san inda hanya ta ƙare ba.

Nan ne lissafin ya juya. A tafiyar dubban kilomitoci cikin taɓo da duwatsu, mai cin tsere shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin taka birki da ƙarancin tsayawa gyara. Inda wata mota za ta koma giya ta biyu tana lallaɓawa, direban Fijo ko ɗaga ƙafa daga totur ba ya yi. Duk wanda ya taɓa zama a bayan wagon a kan burji ko rairayin arewacin Yobe ya san wannan lilon a ƙashin bayansa, ko da bai san dalilinsa ba.

Daga baya an haɗa mata ƙarfin da ta rasa. Samfurin mai ƙofa biyu da kamfanin Pininfarina ya zana ya sami injin silinda shida, kuma da shi Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari a 1978. A ganina nasarar 1975 ta fi daɗi, don wadda ta yi ta mai ƙofa huɗu ce, irin wadda muka sani. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, Kaduna kuwa ba ta daina haɗa ta ba sai bayan shekara ta 2000.