Tafinta Tsakanin Manhaja Da Rumbu

Sa'ad da aka rarraba mu aikin gwajin koyarwa, ni rabona ya faɗa wata makarantar firamare a Diko, nan kusa da Suleja. Ran da na isa, kafin a ba ni alli, sai hedimasta ya miƙo mini rajista, ya ce, "Malam, fara da wannan." Kowa a kwalejin nan ya san kamannin rajista: layuka a kwance, kowane yaro da nasa, da layuka a tsaye, wannan na lamba, wannan na suna, wancan na shekaru. Amma labarin yaro ɗaya ya fi ƙarfin layi ɗaya. Yana da uba, yana da ƙanwa a aji biyu, yana da maki a lissafi da Turanci da Hausa, kowanne kuwa yana cikin littafi dabam. In uba ya zo tambayar labarin ɗansa, sai na buɗe littafi uku ko huɗu, in tsinto nan in tsinto can, kana in haɗa masa amsa.

To, wannan wahala ita ce ta masu rubuta manhajar kwamfuta. Shafukan intanet masu karɓar sunaye, irin waɗanda muke cike takardar JAMB ko duba sakamakon NECO a cikinsu, galibi sassa biyu gare su a baya. Akwai manhaja mai aiki, akwai rumbun bayanai mai ajiya. Shi rumbu jadawali ya sani, kamar rajistarmu. Wani Bature mutumin Ingila, Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM a Amurka, shi ya fito da wannan dabara a 1970, daga baya aka ƙago harshen da a ke yi wa rumbun tambaya da shi, watau SQL. Ita kuwa manhaja, in da Java ko Python ko Ruby aka rubuta ta, yawanci tana ɗaukar yaro dunƙule ne, abu guda, da sunansa da ubansa da makinsa duk a jikinsa. Ga maƙwabta biyu, dole su yi ciniki kullum, amma ba mai jin harshen wani.

Mu mutanen Diko mun san maganin wannan. In tsohuwa mai jin Gbagyi kaɗai ta zo gaban alƙali mai jin Hausa kaɗai, tafinta a ke kira. Haka masanan suka yi: suka rubuta wata manhaja ta zauna tsakani, Turawa na kiran irinta ORM. Aikin mai rubutu shi ne ya zayyana mata fasali sau ɗaya, ya ce yaro yana da suna wanda ba ya wuce baƙi kaza, da ranar haihuwa, da aji, da uba, kuma kowanne ga layinsa a jadawali. Daga nan in ya ce a ajiye yaro, tafinta ya warware shi ya zuba kowane kashi a gurbinsa. In ya ce a kawo yaro mai lamba 17, tafinta ya juya maganar zuwa SQL, ya bi jadawalai ya tattaro, ya miƙo shi a haɗe. In kuma za a aika da labarin zuwa wayar hannu, sai a sake juya shi zuwa wani salon rubutu da a ke kira JSON.

Tafintocin suna da yawa. Gavin King ya fara Hibernate a 2001 domin Java. David Heinemeier Hansson, mutumin Denmark, ya fitar da Ruby on Rails a 2004 da nasa tafinta a ciki. Django, wanda aka gina a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, ya fito a 2005, sa'an nan SQLAlchemy na Michael Bayer a 2006.

Amfaninsu da ya fi burge ni ya shafi sunayenmu. A SQL, ɗan waƙafin sama shi ke nuna farkon magana da ƙarshenta. To, a ajinmu akwai Sa'adatu, akwai Mu'azu, akwai Rabi'u. In mai rubutu ya yi ganganci ya liƙa suna cikin tambaya da hannunsa, rumbu zai karanta "Sa", ya ga waƙafi, ya ɗauka suna ya ƙare, sauran kuwa ya zama shirme, sai ya ƙi karɓa. Abin da ya fi muni, ɓarawo mai wayo yakan bi ta wannan kafa ya rubuta umurni a gurbin suna, rumbu ya yi masa biyayya ya zazzage masa asirin mutane. Shi tafinta yakan aika da tambaya dabam, suna dabam, don haka Sa'adatu ta shiga lafiya, umurnin ɓarawo kuma a ɗauke shi suna kawai.

Amma fa tafinta yana da halinsa, kada a ce na yabi ɗan kuturu. Abin da aka ce ya yi shi ya ke yi, ba ya tambaya. A ce ajina yara 40 ne, ina son sunan uban kowa. In ban yi hankali da yadda na faɗi maganar ba, sai ya je rumbu sau ɗaya ya kawo yaran, sa'an nan ya koma sau 40, kowane uba da tafiyarsa, watau sau 41 ke nan, alhali tafiya ɗaya ko biyu ta isa. Kamar ka aiki yaro kasuwar Diko ya sayo gishiri, ya dawo ka ce ya koma ya sayo daddawa, ya dawo ka ce barkono. A aji ɗaya ba a lura. Ran da ɗalibai dubbai suka taru kan shafi guda, nan a ke ganin ya tsaya cik. Akwai kalmar da a ke faɗa masa ya haɗo kayan gaba ɗaya, amma sai wanda ya san yadda rumbu ke aiki ya ke tunawa da ita. A ganina, wanda ya koyi tafinta bai koyi SQL ba, ya yi rabin karatu ne.

Har wa yau, ba ya iya gyara fasalin da aka zana a karkace. In aka kafa rumbu da baƙaƙen Turanci kaɗai, ba a zaɓi tsarin Unicode mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, to Ɗanladi zai iya fitowa da alamar tambaya a farkon sunansa. In aka ce lalle kowa sai da suna uku, yaro mai suna biyu ya rasa abin cikewa, sai a ƙago masa na uku a tsaye, ya bi shi har takardar shaidarsa. Na ga irin wannan da idona, uba ya yi ta zirga-zirga tsakanin Diko da Minna domin sunan da ke takarda ɗaya ya saɓa da na ɗayar.

Ni dai tun daga ran nan, kafin in rubuta sunan sabon yaro a rajista, sai na sa ya faɗe shi sau biyu, in kuma uban yana kusa, in karanta masa baƙi baƙi ya ji.